Littafin da Na Ƙarar a Kunnen Lidiya

Ni da Lidiya 'yar Kafanchan muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layin naɗe alewa, a wani kamfani a Bompai. Ita kaɗai ta san ina son rubuta littafi, ita ce kuma ta ce kada in kuskura in fara sai na san ƙarshensa.

Shi ke nan, kullum sai in ɗaga murya sama da ƙarar inji ina tsara mata: wa zai sayar da gonar gado, wa zai gudu Legas, wa zai mutu. Da na yi shiru sai ta zungure ni da gwiwar hannu, "Sai me ya faru, Asabe?" In ta yatsine fuska, in rushe in sake. Ranar da muka kai ƙarshe har hawaye ta share da bayan hannu.

Da aka rage ma'aikata, Lidiya ta koma garinsu. Wadda aka sa a gurbinta kullum kunnenta a toshe da waƙa, ko sannu ba ta amsawa.

Ran Lahadi na zauna a tsakar gidanmu a Dakata da wayata. Na san kowane babi. Na rubuta layi ɗaya na tsaya, ina jiran a zungure ni. Haushi ya turnuƙe ni, na kira Lidiya na ce wallahi ta cuce ni.

Ta yi dariya. "Ai ni na riga na ji shi. Rubuta wa wasu."

Na dubi tsakar gidan. Wasu su wa?