Ƙurajen da Ya Ɗora wa Zafin Tanda

Matarsa ta dawo daga awo tana dariya. Cikinta ya shiga wata na bakwai, sai da ta dafa bango kafin ta zauna.

"Maigida, ka ji ungozomar nan da tambaya? Wai ko ƙuraje masu ruwa suna fito maka a gaba. Na ce mata mijina ko ƙurjin sauro ba ya zama a jikinsa."

Shi ma ya yi dariya, amma bai kalle ta ba. A ranar ma suna nan, suna yi masa raɗaɗi a cikin wando. Tun kafin aure suke zuwa: wurin ya fara ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje su taso, su fashe, su bushe. Ma'aikacin gidan burodi ne, kullum yana gaban wuta, don haka ya ɗora laifin a kan zafin tanda. Idan sun fito sai ya ce mata ya gaji, ya juya baya.

Washegari burodi faranti guda ya ƙone a hannunsa. Ya yanke shawarar ganin likita, amma kunya ta sa ya jira sai da wurin ya warke sumul.

Likitan ya duba, ya cire safar hannu. "Malam, ka zo bayan an tashi kasuwa. Ruwan ƙurjin muke ɗiba da auduga, tun yana ɗanye. Yanzu sai dai mu gwada jini. Amma yadda ka kwatanta, ya yi kama da cutar herpes, kuma ta saduwa ake ɗaukarta."

"Tana warkewa?"

"Ba ta barin jiki, amma akwai ƙwayar magani da ke rage tashinta. Kwaroron roba yana rage yaɗuwa, bai hanawa gaba ɗaya, domin ko babu ƙurji ana iya ɗauka. Kana da iyali?"

Ya faɗa masa watannin cikin matarsa. Likitan ya ajiye biro.

"To nan ne abin lura. Idan ta kamu a karon farko gab da haihuwa, jariri na iya ɗauka, kuma tana yi wa jarirai mummunar illa. Ku dakata da kwanciya har ta sauka. Ka kawo ta a duba ta, mu san yadda za a karɓi haihuwar."

Da ya koma gida, ya tarar da ita a ɗaki tana ninke kayan jarirai. Ya zauna a ƙasa, ya faɗa mata komai, har da ranar da ya taya ta dariya.

Ta daɗe tana shafa wata 'yar hula da yatsa.

"Da ungozomar ba ta tambaye ni ba, shiru za ka yi?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba."

"Asibitin bai tashi ba?"

"Da saura."

Ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube shi ba. "Miƙo min takalmina. Ba na iya sunkuyawa."

Ya durƙusa ya saka mata su, ɗaya bayan ɗaya.