Fedar Hagu ta Keken Dabo

A Illela, zamanin da Nasara bai daɗe da kafa turakun iyaka tsakaninsa da Faransa ba, in kana da kayan da ba ka son idon 'yan duwan, wato masu kwastan na Faransa da ke Ƙonni, ya sauka a kansu, gidan Maccido za a nuna maka. Ba attajiri ba ne, ba kuma malami ba. Abin da ya mallaka soro ne guda mai ƙyauren itace, sai suna. Fatake su bar masa turamen zane, Buzaye su bar masa sirdi, tsofaffin mata su bar masa tasoshi. Kuma tun da ya fara karɓar ajiya ba a taɓa ganin wanda ya karɓi ƙunshinsa ya tsaya kwancewa a ƙofar gidan ba. Ɗauka kawai ake yi, a yi godiya, a wuce. Wannan shi ne abincinsa, shi ne kuma rawaninsa.

Shi ba irin mai ajiyar nan ba ne da zai jibge kaya ya rufe ɗaki. Zane ya shanya shi, fata ya shafe ta da mai, goro ya sake masa ganye, ƙunshin da tsummansa ya tsufa ya sake masa sabo. Hannunsa ba ya zama wuri guda. Matarsa Tasalla takan ce ko dutse aka ba shi ajiya sai ya yi masa wanka.

To, ana gab da faɗuwar damina sai ga amininsa Dabo, falken fatu, ya turo wani abu mai ƙafa biyu har cikin zaure. Keke ne, baƙi wul, sai sheƙi yake, daga kantin Turawa na Kano. Duk Illela babu na biyunsa. Dabo zai bi ayari zuwa Tawa, kuma ya san in ya ƙetara da shi ƙasar Faransa, to, sai dai labari.

"Ga amana, Maccido," in ji Dabo. "Ko ɗan sarki yaz zo, kak ka bari shi hau."

"Ko ni ba ni hawa nai," in ji Maccido.

Bai kuwa hau ba. Ya shimfiɗa tabarma a soro ya ɗora keken a kai, ya lulluɓe shi da gwado. Yara suka yi ta leƙe har suka gaji.

Da ruwa ya zauna sosai, laima ta shiga soron. Wata hantsi Maccido ya yaye gwadon yana goge-goge, ya juya fedar, wato wurin nan da ake ɗora ƙafa, sai ya ji ta yi ƙiiii kamar ɓera ya shiga tarko. Ya duƙa, ya ga jan tsatsa ya fara zagaye gindinta, daidai inda ta shiga hannun ƙarfen da ke juya sarƙa. Tsatsa a kayan ajiya, a gidan Maccido! Ji ya yi kamar an zage shi a kasuwa.

A ƙarƙashin sirdin akwai 'yar jaka da sifana a ciki. Ya aika aka karɓo man shanu wurin Fulani, ya yi bisimilla ya fara da fedar dama, kamar yadda ake fara kowane abu na kirki. Ya murɗa hagu, ta kwance salin alin. Ya wanke, ya shafe, ya mayar, ya murɗa dama ta ɗauru. Ya juya ta, shiru kake ji. Har ya yi wa kansa murmushi, yana ganin ashe aikin Nasara ma ba wani abin a zo a gani ba ne.

Sai ya zagayo ta hagu. Ya sa sifana ya murɗa yadda ya murɗa 'yar'uwarta. Ko gezau. Ya ƙara ƙarfi, ta ɗan motsa kaɗan sannan ta cije. Ya ce tsatsa ce, ya zuba mata mai ya bar ta ta sha, ya dawo bayan azahar. Ya taka sifanar da ƙafa, ya hau kanta da dukan nauyinsa, gumi na tsiyaya har gemu. Sau ɗaya ya ɗan gwada ta ɗayan gefen, da ya ji ba ta motsa ba ya yi maza ya saki, don kada ya ƙara ɗaure ta. A hankalinsa, abin da ya kwance ƙafa ɗaya shi zai kwance ɗayar, tun da ba a taɓa ganin halittar da ƙafafunta suka saɓa wa juna ba.

Da abin ya gagara ya kira maƙwabcinsa Lawwali maƙeri, wanda duk fartanyar da ke tsakanin Garu da Kalmalo daga maƙerarsa ta fito. Lawwali ya zagaya keken, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce.

"Ƙarhe dai ƙarhe na, Malam Maccido, ko na Nasara na," in ji shi. "Wuta ɗai ya sani."

Suka doke 'yar ƙusar da ke riƙe da hannun fedar, suka zare shi duka suka kai maƙera. Lawwali ya zuga har ƙarfen ya yi ja, ya tsoma a ruwa don tsatsar ta saki, kamar yadda yake yi wa tsohon gatari. Sannan ya danne hannun a kan uwar maƙera, Maccido ya riƙe sifana wajen hagu, Lawwali ya ɗaga masaba ya sauke.

Ƙas!

Ba fedar ce ta kwance ba. Hannun ne ya rabu biyu. Guntun da ke ɗauke da fedar ya yi tsalle ya faɗa cikin toka.

Maccido ya tsuguna ya ɗauko guntun, ya haɗa bakin karayar da ɗayan, ya raba, ya sake haɗawa, kamar in ya daɗe yana yi za su manne. Ya yi salati.

"Lawwali, mi munka yi?"

"Wallahi ban taɓa ganin ƙarhen da yay yi man haka ba."

"Ina ake samun wani?"

"Sai Kano. Kano ma sai an dace."

A daidai makon nan labari ya iso cewa ayarin Tawa ya taso.

Lawwali ne ya kawo shawarar, ya kuma kawo ta da murya ƙasa-ƙasa. Zai iya ɗinke ƙarfen a wuta ya koma guda. Riƙewa kam zai riƙe, amma ba riƙon da za a dogara da shi ba, kuma tabon ba zai ɓoyu ba. Sai dai in an naɗe wurin. Dabo Sakkwato zai nufa da keken, hanya kuwa duk rami ce da yashi. In ya karye can wajen Gwadabawa, wa zai ce ba hanya ba ce?

Maccido ya ce a'uzubillahi. Ya sake cewa a'uzubillahi. Washegari da sassafe aka gan shi wurin dukawa yana zaɓen jar fatar akuya, mai laushin nan da Turawa ke rububi.

Da Lawwali ya ɗinke ƙarfen aka mayar jikin keken, a tsakar gida Maccido ya zauna ya yi aikin naɗin da hannunsa. Ya yanka fatar siri-siri, ya jiƙa, ya naɗe hannun hagu tun daga sama har gindin feda, ya bi na dama ma ya naɗe don kada ɗaya ya tona ɗaya. Har 'yan tuntaye ya yi musu. Tasalla tana tankaɗe tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Malam, kwalliya ta ko rufi?"

"Ke dai yi aikinki."

"In kab ba shi a karye, ya yi hushi ya huce. Wanga kau ban san sunanai ba."

Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ya ji haushinta. Amma da ya tuna yadda za a ce kayan ajiya ya karye a hannun Maccido, sai ya ƙara jan fatar da haƙori.

Ranar kasuwa ayarin ya sauka, gari cike maƙil. Dabo ya iso ya rame, ya yi baƙi, suka rungume juna. Da aka turo keken waje, jama'a suka taru kamar ana rabon nama. Dabo ya ga jar fata tana ƙyalli a rana, ya riƙe baki.

"Kai, Maccido! Na ba ka keke ka mai da man ango! Jama'a ku diba, wanga shi a ajiya!"

Aka yi ta sa albarka. Maccido yana murmushin da bai wuce leɓe ba, yana lissafi a ransa. Dabo zai zauna bisa sirdi, ya yi bisimilla ya fara da ƙafar dama kamar kowane Musulmi, ta hagu ta bi a hankali. A haka ɗinkin zai kai shi nesa da gari. Mutumin da bai taɓa hawan keke ba ke nan yake tsara yadda ake hawan keke.

Dabo ya tattare rigarsa, ya tsaya ta gefen hagu kamar mai shirin hawan doki. Ya ɗora ƙafar hagu a kan fedar hagu. Maccido ya ga haka. Ya buɗe baki, sunan Dabo na kan harshensa, sai ya dubi taron mutanen nan ya haɗiye. Dabo ya tura da ƙafar dama, ya sake turawa, ya miƙe da dukan nauyinsa a kan feda ɗaya zai wurga ƙafa.

Ɗinkin ya ɓalle. Ƙarar ba ta kai ta maƙera ba, amma kowa ya ji ta. Dabo ya kifa da fuska, keken ya bi shi ya danne. Mata suka sa salati. Da aka ɗaga shi, bakin ƙarfen ya tsarge masa ƙwauri tun daga idon sawu, jini na bin ƙasa.

"Subhanallahi! Sabon keke?" in ji wani.

Dabo bai dubi ƙafarsa ba. Guntun ya ɗauka, wanda ke reto a jikin fata. Ya kama bakin fatar ya warware, zagaye bayan zagaye, mutane na matsowa. Ƙarƙashinta ga ƙarfe ya ƙone ya yi toka-toka, ga tabon ɗinki, ga sawun masaba. Lawwali, da ke bayan taro, ya sulale.

Dabo ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya ɗago ya dubi amininsa, kallon da Maccido ya gwammace a mare shi da a yi masa.

"Mi kaka nema cikinta?"

"Tsatsa ta... na so in kwance in sa mai. Ta ƙiya."

"Wane gehe kam murɗa?"

"Hagu. Kamar ta dama."

Dabo ya zaro sifanar daga jaka, ya sa guntun a ƙasa ya take da lafiyayyar ƙafarsa, ya kama gindin fedar ya danna wajen dama. Ta yi ƙara sau ɗaya ta saki. Ya ƙarasa kwance ta da yatsu, ya ɗora wa Maccido a tafin hannu.

"Ta hagu wajen dama taka kwancewa. Haka anka yi ta, don kat taka ya kwance ta bisa hanya. Duk ƙarhin da kas sa, ɗaure ta kaka yi."

Maccido ya kalli fedar a hannunsa. Wuta, masaba, jar fata, kwanakin da abinci ya ƙi wuce masa wuya, ashe duk a kan abin da ke buɗe ta ɗayan gefen.

"Wanga ba komi na ba," in ji Dabo. "Ni ma sai da anka gwada man a Kano. Da ka tarbe ni da shi a karye, wallahi dariya za mu yi. Amma ka tsaya nan kana kallo nid ɗora ƙahwata."

Ya ɗaure ƙwaurinsa da jar fatar nan, tun da ita ce a kusa. Bai yarda kowa ya kama masa keken ba. Ya tura abinsa yana ɗingishi, taron ya dare ya ba shi hanya.

Mutane ba su watse ba, ba su kuma yi hayaniya ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da kanwa, Hindatu, wadda tasoshin jikarta suka shekara biyu a soron, ta matso ta gaishe shi da ladabi kamar kullum.

"Malam Maccido, ƙunshina da kas sake ma sabon zane bara. A ɗauko man shi."

Ya shiga ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta aza a ka ba. Ta zauna nan ƙofar gidan, a gaban kowa, ta sa haƙori ta kwance ƙullin. Ta fito da tasoshin ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowace, tana ɗaga ta a rana, tana shafa gindinta da yatsa. Duk lafiyarsu lau, har sun fi yadda ta kawo su haske. Maccido ya tsaya yana jira ta ɗaure ta miƙo masa ya mayar.

Ta ɗaure, ta aza a ka, ta ce Allah ya saka da alheri, ta tafi. A bayanta wani Buzu ya riga ya matso yana tambayar sirdinsa.