Zakaran Kawu Rawogo

Kwana uku Nobila ya yi yana neman gidan da aka haifi uwarsa, da ya same shi kuwa ko ruwa ba a ba shi ba.

A Subre aka haife shi, can Kwaddibuwa, cikin gonakin koko. Shekararsa arba'in da biyu bai taɓa taka ƙasarmu ta Mosi ba, sai da tsohuwarsa Pogbi ta kwanta ciwo ta ce masa, "Je ka wurin wana Rawogo. Ka ce ina so in dawo gida, a binne ni kusa da uwata." Ba ta riƙe komai na hanya ba sai sunan ƙauyen, Tangzugu, da wata kuka da tsawa ta tsaga biyu.

To, Tangzugu a ƙasarmu ya fi biyar. Ya sauka a Yako, masu babur suka kai shi wani, babu kukar. A kasuwar Gursi wata mai sayar da wake ta ji yadda yake karya harshenmu, ta kwashe da dariya. "Wannan kuma irin 'ya'yan da aka bari a daji ne! Wa kake nema, mai cin rogo?" Ita ce dai ta kwatanta masa. Ya bi jar hanya, ya wuce gonakin da aka haƙa wa ramuka ana jiran ruwa, ya wuce itatuwan kaɗanya da rumbuna, da hantsi ya hango kukar. Sai da ya tsaya ya dafa ta.

Ya tarar da Rawogo a rumfar ƙofar gida yana tufka igiya, dattawa na zaune tare da shi. Nobila ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi ko ɗan wace ce shi, ya isar da saƙo.

"Pogbi?" in ji Rawogo, bai ko ɗaga kai ba. "Ƙanwata ta mutu ranar da ubanmu ya mutu. An aika mata, ba ta zo ba."

"Cikina gare ta a lokacin, Kawu, wata tara."

"Kawu? Wa ya haifa maka kawu a nan?"

Matar gidan ta fito da ƙwaryar farau-farau, Rawogo ya yi mata alama da hannu, ta juya. Abin kunya ne wannan, ba zan ɓoye ba. A wurinmu ko mahaukaci ya tsaya a ƙofarka sai ka shayar da shi kafin ka kore shi. Amma duk wanda ya san Rawogo ya san taurin kansa ya fi na busasshiyar fata.

Zuciya ta ciyo Nobila. Ya tuna tsohuwa a kan tabarma tana jiran amsa, ya ce a ransa wallahi ba zai koma mata da wannan ba. Sai ga jan zakara yana taƙama a tsakar gida. Tun yana ƙarami uwarsa take gaya masa cewa a gidan kawu, ɗan ƙanwa yakan kama kazar da ya ga dama, ba mai hana shi, iyakaci a bi shi da zagi.

Ya tuɓe takalma ya afka gidan. Ƙato guda da wandon birni yana bin zakara tsakanin turame, ya faɗi ya tashi, mata na salati. A bayan rumbu ya cafke shi. Ya fito ya tsaya a gaban dattawa, zakara a hammata, ƙirji na sama da ƙasa.

"Na ɗauka," in ji shi. "In ni baƙo ne, to ga ɓarawo da rana tsaka, ka yi ihu a taru a dake ni. In kuwa ɗan ƙanwarka ne ni, zakaran nawa ne. Zaɓi ɗaya, tsoho."

Wani dattijo, Tinga, ya jawo sandarsa kusa yana gimtse dariya. "Rawogo, muna jira. Mu daka ko mu bari?"

Rawogo ya ƙura wa Nobila ido. Ya san wanda ya kira ɗan ƙanwarsa ɓarawo jinin ubansa ya zaga, kuma ga goshin uban nasa nan ɓaro-ɓaro a fuskar mutumin. Ya miƙe, ya jefe shi da igiyar hannunsa.

"Ɗan banza, ɗan Pogbi! Duk kajin gidan nan ba ka ga na kamawa ba sai zakaran da ke tashe ni? Halin uwarka sak! Ita ma in ta kafe a kan abu..."

Kowa dai ya ji sunan da ya kira. Matar gidan ta dawo da ƙwarya, wannan karon ba ta dubi mijinta ba. Nobila ya karɓa da hannu ɗaya ya sha, hawaye na zuba a ciki.

Rawogo ya koma ya zauna, ya kau da kai. "Ɗakin uwarmu jinkarsa ta ruɓe. Ka ce mata ta zo kafin ruwa ya sauka, hanyar ba ta biyuwa da damina. Yanzu ajiye mini zakarana."

"Jinka zan yi ta," in ji Nobila. "Zakara kuwa ba na ajiyewa, Kawu. Da shi za a yi mata miya ranar da ta iso."