Kwalba a Hasken Rana

Linnea ta ɗaga kwalbar, ta kara ta da tagar rumfa, ta runtse ido ɗaya. Hasken safiya ya ratsa man ya fita ta ɗaya gefen bai gamu da komai ba. Ta cikinsa tana hango shingen gona, da tsohuwar motar mahaifinta, har da karen maƙwabta da ke kwance a ƙarƙashinta. Ta sauke hannu a hankali. Ko na Coral bai taɓa yin haske haka ba.

Coral ƙanwarta ce. Tun da doka ta halatta wiwi ta bar kwarin Mattole ta koma Oakland, ta sami aiki a wani kamfani da ke haɗa man wiwi a ɗakin gwaji, inda ake sa farar riga da safar hannu. Linnea ce ta zauna a gona. Ita ke shuka, ita ke girbi, ita ke kai mahaifinsu Orrin asibiti idan gwiwoyinsa suka kumbura. Kuma ita ke matse masa man da yake zuƙa a siririn bututun tururinsa, wanda kowa a kwarin ke kira biro.

Yadda Orrin ya koya mata take yi. A matse furen tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu ɗumi, danƙon ya tsatso, a tace shi sama-sama a bar shi. Man yakan fito da duhu kamar zumar daji, mai kauri, yana ƙamshin ɓawon lemo da itacen tudu. Haka take yi tun tana budurwa, ba ta taɓa ganin aibinsa ba sai bara.

Duk ƙarshen girbi mutanen kwarin kan taru a tsakar gidan Orrin. Kowane gida ya ajiye kwalbarsa a kan dogon tebur, ba suna, ba alama. Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga a rana, ya sansana, ya ɗanɗana a bironsa. Ba a ba da kyauta. Amma abin da ya faɗa a kan kwalbar mutum shi za a yi ta maimaitawa a shagon gari har wata shekara.

Bara ya ɗaga ta Coral ya daɗe yana juya ta. "Ku zo ku gani," ya ce. "Wannan ai sai mutum ya karanta jarida ta cikinsa." Aka yi dariya, aka tafa. Da ya zo kan ta Linnea, bai ko ɗaga ta ba. Ya buɗe, ya kai hanci, ya ce, "Linnea ke nan," ya rufe ya wuce.

Da wannan kalma ta kwana ta tashi shekara guda. Shi ya sa bana da ta gama matsa ba ta tsaya ba. Ta tace, ta sake tacewa, ta ɗumama, ta sanyaya, ta kuma tacewa. Makonni rumfar tana cike da ƙamshin lemo har ya kama gashinta da rigunanta, ita kuwa idonta na kan launi kawai. Da kwalbar farko ta yi kyau, sai ta ga babu dalilin barin sauran da duhunsu. Ta bi da man bana gaba ɗaya ta hanya guda.

Yanzu ta buɗe murfin ta sansana. Ba ta ji wani abu sosai ba. Ta ce wa kanta hancinta ne ya gaji.

Ƙarar mota ta taso daga hanyar tudu. Kafin Linnea ta fito daga rumfar, Orrin ya riga ya miƙe daga kujerarsa ta baranda, mutumin da sai an riƙe masa hannu yake tashi cin abinci.

"Auta ce?" ya ce. "Linnea, Auta ta iso."

"Na ji, Baba. Motar ba ta ɓoye kanta ba."

Coral ta fito da tabarau a ka da jaka a kafaɗa. Ta rungume tsohon, ta daɗe, sannan ta juyo.

"Yaya, kin rame."

"Ke kuma kin yi fari. Ba a barin ku ku ga rana a can?"

"Ana nuna mana hotonta ranar Juma'a." Coral ta matso ta sansana wuyan rigar yayarta. "Kai, kina ƙamshin gida. Ni duk warin sabulun asibiti nake yi."

Linnea ta ja da baya kaɗan. Ta lura da sababbin takalman ƙanwar tata, da yadda mahaifinsu bai saki hannun Coral ba. Ta ce akwai kifi a wuta, ta shige kicin.

Coral ta biyo ta, ta ɗauki wuƙa ta fara yanka burodin masara ba tare da an sa ta ba. Yankan ya yi kauri a gefe ɗaya. Linnea ta gani, ta juya kan kifinta.

"Ya ƙafar tasa?" Coral ta tambaya da murya ƙasa-ƙasa.

"Yadda kika bar ta."

"A waya yakan ce da sauƙi."

"Ke ai da sauƙi zai ce miki. Ni ce ke jin sauran."

Coral ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta ci gaba da yanka. Linnea ta so ta tambaye ta me ta kawo bana, amma ta hana kanta. Za ta gani a tebur.

Da rana ta take, tsakar gida ta cika. Aka ci gasasshen kifi da dankali, aka yi ƙorafin farashi da masu duba gona na gwamnati. Hazel, tsohuwar da gonarta ke tsallaken rafi, ta ajiye kwalbarta ta ce kowa ya juya baya, wai kada a gane tata, alhali kowa ya san ita kaɗai ke zuba mai a kwalbar man gyaɗa. Linnea ta bari sai da hankali ya koma kan wani yaro da ya faɗa cikin kwatami, ta zura tata a tsakiyar layi. Ba ta ga lokacin da Coral ta ajiye tata ba.

Orrin ya taso da sandarsa. Mutane suka ba shi hanya.

"Wannan na Gunnar ne," ya ce a kan ta farko. "Ya sake barin wuta ta yi yawa. Gunnar, mai kake yi ko kwalta?"

"Ka dai ɗanɗana, Dattijo."

"Ina da sauran kwana, ba zan yi gaggawa ba."

A kan ta Hazel ya ce ƙamshin ya yi, sai dai har yanzu yana jin gyaɗa. Hazel ta ce hancinsa ya tsufa kamar sauran jikinsa, ya ce ita ce za ta fi kowa sani. Aka kwashe da dariya. Linnea na tsaye a ƙarshen tebur da tulin faranti a hannu.

Ya iso kan tata. Ya tsaya. Ya jingina sandar da tebur ya ɗaga kwalbar da hannu biyu, hasken ya zubo masa a fuska.

"To fa," ya ce a hankali. "Ku dubi ikon Allah. Na bara ma ashe wasa ne."

Mutane suka matso. Gunnar ya yi fito. Linnea ta ji wani ɗumi ya taso mata daga ciki har wuya.

"Auta," Orrin ya ce, "kin gama da mu. Tsofaffi sai mu koma noman tumatir."

Ɗumin ya tsaya cak. Linnea ta dubi ƙanwarta. Coral na zaune a bakin baranda, fuskarta ta yi ja.

"Ba nawa ba ne, Baba."

"Kunya kike ji?"

"Ban kawo komai ba bana." Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. "An rufe sashenmu tun bazara. Na so in gaya maka bayan mutane sun tafi."

Kowa ya juya yana kallonta. Hazel ta je ta zauna kusa da ita ta dafa mata gwiwa. Orrin ya dubi autarsa da wani irin taushi da Linnea ta daɗe ba ta gani ba, har ya manta da abin da ke hannunsa. Ko a rashin aiki ma, Linnea ta raya a ranta, ita ake kallo.

"To na wane ne?" Gunnar ya tambaya.

"Nawa ne," Linnea ta ce. Muryar ta fito ƙarama, sai da ta maimaita.

Orrin ya juyo. Ya dubi kwalbar, ya dube ta. Ya buɗe murfin ya kai hanci, ya daɗe, ya sake kaiwa. Sannan ya ɗiga kaɗan a bironsa ya zuƙa, ya bar tururin ya fita a hankali. Kowa na jira.

"Kin yi wanki," ya ce. "Wanki mai kyau kuwa. Ban taɓa ganin an yi irinsa da hannu a kwarin nan ba."

Hazel ta tafa, wasu suka taya ta. Linnea ta ajiye farantan. Wannan ne abin da ta jira shekara guda, ta tsaya tana sauraron ranta ko zai yi daɗi.

"To ina ɗayan?" Orrin ya ce.

"Wane ɗayan?"

"Naki mana. Baƙin man." Ya rufe kwalbar ya ajiye. "Wannan na nuna wa baƙi ne. Kan mutum kawai yake taɓawa, ba ya sauka gwiwa. Kawo min na gaske, tsayuwar nan ta fara cina."

"Shi ke nan, Baba."

"Na ce baƙin."

"Duka na tace."

Bai gane ba da farko. Ta ga lokacin da ya gane: bakinsa ya ɗan buɗe, idonsa ya tafi kan gonar da aka girbe, babu komai a cikinta sai kututture. Sanyi na tafe, kuma a sanyi ne gwiwoyin ke hana shi sakat. Ta fi kowa sanin haka, ita ke dafa masa ruwan zafi.

"Duka," ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Bara ba ka ko ɗaga shi ba," ta ce. Ba ta yi niyyar faɗa a gaban mutane ba. "Ka ce Linnea ke nan, ka wuce."

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "To me zan ɗaga? Abin da nake sha safe da yamma?"

Gunnar ya yi gyaran murya ya ce yana da saura a gida. Orrin ya ce ya gode, amma bai shirya mutuwa ba tukuna. Babu wanda ya yi dariya sosai.

Coral ce ta miƙe. Ta zuge jakarta, ta tona ƙarƙashin kaya, ta fito da wata babbar kwalba naɗe cikin safa. Man da ke ciki baƙi ne, ya fi rabi. Linnea ta gane murfin, ita ta ɗaure shi da hannunta.

"Na bara ne," Coral ta ce, ba ta kalli yayarta ba. "Baba ya ba ni da zan tafi. Ba na sha, buɗewa kawai nake yi in sansana idan garin ya ishe ni. Idan aka yi tattali zai kai shi bazara."

Orrin ya karɓa. Yana buɗewa ƙamshin lemo da itacen tudu ya bazu har inda Linnea take tsaye. Ya ɗiga, ya zuƙa, ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka. Ya laluba ya kamo hannun autarsa ya matse.

"Yarinyar kirki," ya ce. "Da ba ki zo ba, da ban san yadda zan yi ba."

Coral ta ɗago ta dubi Linnea, idonta na roƙon wani abu. Linnea ta ɗauki farantan. A hanyarta ta kicin Hazel ta tare ta, ta ce don Allah wata rana ta koya mata yadda ta yi man ya yi haske haka.

"Ba wuya," Linnea ta ce. "Ki yi ta tacewa kawai."

Ta shiga ta buɗe famfo.