Kayan Ɗakin Chizuru a Jirgi Mai Ƙofa Ɗaya

Jirgin ƙarfe tara da kwata ya zagayo bakin dutse a kan lokacinsa, sai dai ba shi Hamaoka Tetsuji yake jira ba. Babban jirgin fito na tsibirin Oribe, mai ƙofa gaba da baya, igiyar masunta ta naɗe masa farfela tun jiya, an ja shi wurin gyara. Tsohon aka turo, Shiokaze, mai ƙofa ɗaya. A cikinsa Tetsuji ya fara aiki a 1963, lokacin da lemo da shanu suka fi mutane yawa a kowane sawu. Motar da ta shiga Shiokaze da gaba, da baya take fita.

Tetsuji ne shugaban masu tsara motoci, amma yau hutu yake yi, yana sanye da baƙar kwat. A bayansa akwai ƙaramar a-kori-kura ɗauke da kayan ɗakin 'yarsa Chizuru: kabad biyu, madubi, katifu, an ɗaure su da ƙyalle ja da fari. Dangin ango za su tari kayan a tashar Imazu ƙarfe goma saura ashirin. Motar kayan amarya kuwa ba ta ja da baya, ko taku ɗaya. In ta ja, an yi wa yarinya fatan komawa gidan ubanta, kuma a gaban surukai za a yi shi.

Mahaifiyarsa Tome, mai shekara tamanin da ɗaya, ta leƙo ta tagar motar.

"Tetsu, ba tsohon kaskon nan ba ne?"

"Shi ne, Inna."

"To, ka san abin yi. Shekara ashirin da uku kana yi wa motocin mutane ihun baya-baya. Ta jikata dai ba za ka yi wa ba."

Kunio, ƙanin matarsa, shi ne a sitiyari. Ya ce, "Yaya, mu jira na sha ɗaya mana."

"Na sha ɗayan ma shi ne. Har Laraba shi ne, ranar ɗaurin aure."

Tetsuji bai buƙaci awo ba. Faɗin cikin jirgin mita shida ne, motar kuma sai da mita takwas take juyawa ba ribas. Ƙetarewa minti ashirin da biyar. Ya karɓi usur daga hannun abokin aikinsa, ya shiga tsara motoci da kwat ɗinsa. Motar gidan waya ya tura can ƙurya, babbar motar wani mai kiwon kawa, dabbar tekun nan mai ɓawo, ya manna ta da bango, ya bar tsakiya fili. A-kori-kura ta shiga da gaba, ta tsaya.

Da aka ɗaga ƙofa ya hau ɗakin fasinja. Mutum talatin ne da 'yan kai, kowa ya san shi.

"Jama'a, ina neman maza takwas masu ƙugu lafiyayye."

"Auren 'ya za ka yi ko yaƙi?" in ji wani masunci, amma ya riga ya miƙe.

Dabarar ita ce a ɗaga gindin motar, a zagayo da shi har hanci ya kalli ƙofa. Maza sun jeru, sun tofa yawu a hannu, sai Tome ta sauko, ta buga sandarta a tayar gaba.

"Ku dakata. In gindi ya zagaya, wannan gaba za ta gangara. 'Yar'uwarta fa, ina za ta?"

Tetsuji ya zana abin da ƙafarsa a ƙasa, ya duba. Baya za ta. Ya kalli agogo: minti tara sun tafi.

"Inna, taya ɗaya ce. Rabin zagaye. Kuma muna tsakiyar teku, wa zai gani?"

"Ni."

Sai dai a ɗaga motar ɗungurungum. Mota da kaya sun kai tan ɗaya, ba wurin da hannu ashirin zai kama. Kunio ya jingina da motar mai kawa yana goge gumi, sannan ya waiga ya ga abin da ya jingina a kai: gorori masu kauri, na gyaran keji.

"Yaya," ya ce, "karagar bikin kaka nauyinta nawa?"

Kowace kaka mutanen Oribe sukan ɗauki karagar wurin ibada a kafaɗa su zagaya gari da ita, kuma ta fi motar nan nauyi. Mai kawa bai jira a roƙe shi ba. Aka ɗaure gora uku-uku, aka zura su ƙarƙashin motar, gaba da baya. Matan ƙungiyar ƙwallon raga, su goma sha ɗaya da ke tafiya gasa, suka sauko suna naɗe hannun riga.

Kyaftin Shiraga ya rage gudu, muryarsa ta fito ta lasifika: "Hamaoka, in ka kifar mini da jirgi, da kwat ɗin nan za ka yi iyo. Ku tsaya a tsakiya!"

Tome ta koma cikin mota ta rufe ƙofa.

"Inna, ku sauko mana, nauyi."

"Kayan amarya ba sa tafiya ba mai rakiya. Kilo talatin da takwas ne ni, raggo. Kuma kowa gaba zai taka, ina kallon ƙafafunku."

Tetsuji ya shirya su kowa ya fuskanci inda za a zagaya, ya sa kafaɗarsa, ya busa usur. Taya huɗu suka bar ƙasa da misalin taƙi ɗaya.

"Wasshoi!" in ji masuncin, kamar yadda masu ɗaukar karaga suke yi ranar biki.

"Wasshoi!" suka amsa.

Taku ashirin da shida aka yi. Madubi ya yi rawa bai faɗi ba. Ma'aikacin gidan waya ya rasa takalmi ɗaya, bai koma ɗauka ba. Tome tana zaune a miƙe, jakarta a cinya, tana gyaɗa kai dama da hagu. Da tayoyi suka dira, hancin motar yana kallon ƙofa, matan ƙwallo suka ɓarke da tafi, Kyaftin ya danna ƙaho har sau biyu, abin da doka ba ta tanada ba.

Shiokaze ya isa Imazu da lattin minti huɗu. Dangin ango suna jere a bakin tasha cikin baƙaƙen kaya. Ƙofa ta sauka, Kunio ya sa giya ta ɗaya, motar ta gangara a hankali, ƙyalle ja da fari yana kaɗawa.

Nagase, mahaifin ango, ya rusuna, Tetsuji ya rusuna. Da suka ɗago, Nagase ya dubi jirgin, ya dubi ƙofarsa ɗaya, ya dubi hancin motar. Shi ma ɗan bakin teku ne, ya san Shiokaze. Sannan ya ga mutum ashirin da wani abu suna fitowa, kowa da ƙurar gora a kafaɗar dama, ɗaya ba takalmi.

"Hamaoka-san," ya ce cikin girmamawa, "su waɗannan fa?"

"Fasinja ne."

Nagase ya ƙirga su da ido, ya juya wurin matarsa. "A ƙaro kujeru a zauren biki. Ranar Laraba duk suna da wurin zama."