Tabon Kawu Mai Walda

Shekara goma sha biyu ke nan da ƙarfe mai zafi ya zana wa Kawu mai walda tabo daga gefen ido har haɓa, kuma bai taɓa damuwa da shi ba sai da Auta, 'yar ƙanwarsa, ta fara kallon fim. Shekararta biyar, amma ta riga ta gama sanin duniya: duk mai tabo a fuska shi ne mugu. Da ta ji muryarsa sai bayan labule, ƙafafu kaɗai ake gani.

Mutanen gidan kuwa suka samu abin tsokana. "Ga Bos nan ya iso, a ɓoye yara!" in ji mijin ƙanwar. Kawu yakan taya su dariya, amma abin yana ci masa rai. Har kekenta da ya karye ya liƙe mata, ta hau abinta ba ta ko dube shi ba.

Ran nan ƙanwar ta kira shi a waya.

"Yaya, an yi sabon fim na yara, babu wanda aka bari a baya. Jarumar baƙa ce mai kitso irin na Auta, akwai yaro a keken guragu, har da tsohuwa kurma mai tuƙa jirgin da ke tashi da fiffike. Kuma akwai irinka, a cikin mutanen kirki!"

"Irina kamar yaya?"

"Kai dai ka zo."

Mutumin da ko ciwon haƙori bai taɓa sa shi rufe shago ba, sai ga shi ranar Asabar da yamma ya ja ƙofa, ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya zo falon ƙanwarsa da riga mai guga.

Mai tabon fim ɗin maƙeri ne. Shi ya gyara wa yaran fiffiken jirgi, shi ya goya gurgun suka haye dutsen wuta. "Wannan haɗin nasa ba zai kai wata ba," in ji Kawu, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi. Auta tana bayan kujera, ta dubi talabijin, ta dubi Kawu. Kafin a kai tsakiya ta hau ƙarshen kujerar da yake zaune.

Saura minti goma a gama, maƙerin ya zare makullin jirgi ya miƙa wa dodon da ke farautar yaran, ya ƙyalƙyale da dariyar mugunta. Aka nuno tabon nan har ya cika talabijin.

 

"Wallahi Yaya, talla kawai na gani," in ji ƙanwar.

"Ba komai, ai fim ne."

A baki ne kawai ba komai. Babba da shi, ƙwalla ta cika masa ido. Ya tashi ya nufi ƙofa, sai ya tarar takalminsa ƙafa ɗaya ne. Ɗayar tana hannun Auta, ta kumbura fuska.

"Ƙarya suka yi masa! Shi fa ya gyara musu jirgi."

"Haka suka tsara abinsu, Auta."

Ya tsuguna zai karɓa. Ba ta gudu ba. Ta miƙo yatsa ta bi tabon tun daga ido har haɓa.

"Da zafi?"

"Da can. Yanzu babu."

"To, in sun zo suka ce ka shiga fim, kada ka yarda, Kawu. Sai ka gama yi musu gyara su ce kai ne mugu."

Ta ajiye takalmin a ƙasa, ta zauna daram a kansa don kada ya tafi.