Inda Waya Ta Ajiye Birkila

Ni na riga kowa sanin cewa mijin matar nan ya mutu. Na riga likita, na riga 'yan sanda, na riga ita kanta. Tun daga tsallaken titi na hango ta tana saukowa daga bas, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya tsinke tana riƙe da shi a hannu. Na ce wa abokin gadina, "Ga baƙuwar ɗakin gawa nan tafe."

Ya ce, "Kai dai tsohon nan, bakinka bai iya faɗin alheri ba."

Na ce, "Alheri ta ƙofar gaba yake shiga asibiti. Mu ta baya aka ba mu."

Ban taɓa zama a aji ba, ko da girman bango aka rubuta sunana wucewa zan yi, amma tafiyar mutum nakan karanta ta tsaf. Ƙasa ta taɓa rufta mini ina haƙar rijiya, aka tono ni ina tari. Mota ta kife da mu, ni kaɗai na fito da ƙafata. Kwalara ta share layinmu, ta zo ƙofata ta leƙa ta wuce. Wanda mutuwa ta shinshina ta ajiye har haka, ai ya san warinta a jikin wasu.

Abin da ya faru shi ne, benen da ake ginawa a bayan tasha ya rufta jiya da rana da ma'aikata a ciki. Waɗanda aka tono da sauran numfashi suna kwance a sama. Saura kuwa ta gabana aka shigo da su. Firjin ɗakin gawa ya daɗe da mutuwa, ga zafi kamar a tanda, don haka hukuma ta ce duk wanda danginsa ba su ɗauka ba zuwa la'asar, za a kwashe su a haɗa rami ɗaya.

Ta iso ta rusuna. "Sannu Baba. An ce in duba nan." Sai ta yi sauri ta ƙara, "Ba wai yana ciki ba ne fa. Dubawa kawai zan yi, hankalina ya kwanta."

Na ce, "Haka ne, 'yata. Shigo."

Tela ce, har da guntun zare maƙale a mayafinta. Mijinta birkila. Ta wuni a wurin ginin, ta zaga gadajen sama ɗaya bayan ɗaya, ba ta gan shi ba. Na kai ta tagar jami'in ɗakin, wani dogo da ya rufe hanci da takunkumi biyu, idanunsa sun yi jawur.

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Katin shaidarsa ko hotonsa."

"Mijina ne. In na gan shi ai zan gane shi."

"Kowa haka yake cewa. Bara wasu suka ɗauki gawar da ba tasu ba suka binne, masu ita suka zo daga baya, har yau ni ake kira kotu. Kati ko hoto."

Ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya koya masa. Amma katin birkila yana aljihun rigarsa ta gida. Su al'adarsu, da sun isa wurin aiki sai su tuɓe na kirki su rataye a ƙusa, da waya da komai, su sa tsummokaran aiki. Ƙusar kuwa yanzu tana ƙarƙashin bene gaba ɗaya. Tsummokaran ma ba ta taɓa ganinsu ba, can yake barinsu, don ba ya son 'yarsa ta gan shi a haka.

Jami'in ya ce, "Hoton aure fa?"

"Ruwa ya ci, shekarar da ya shigo mana ɗaki." Sai ta kwance bakin mayafi ta fito da waya, babba, mai tsage a gefe. "Amma da wannan yake ɗaukar hoto kullum, ya ce ta fi tasa ido. Shi ya saya mini. Ni dai in ta yi kuka in shafa koren."

Ya ce, "To nemo ki dawo." Ya ja tagar.

Ta zauna a benci kusa da wani dattijo da ya taso daga ƙauye neman ɗansa lebura. Shi ba waya, ba kati, sai sanda da jakar buhu. Ta shiga latsawa. Ta taɓa wani wuri, fuskarta ta bayyana a kumbure, ta zabura kamar ta ga aljani. Ta sake taɓawa, wayar ta ɗauki ƙafarta mara takalmi. Ta kira wata da ta ba ta ɗinki bisa kuskure, muna jin matar tana tambayar ko an gama rigarta.

Ta ɗago ta dube ni. "Baba, don Allah, in an ɗauka ina suke shiga?"

Na karɓa. Na juya bayanta na nuna mata ɗan ramin. Na ce, "Ta nan suke shiga." Inda suke kwana ma na sani sarai, idona ne kawai ba ya son ƙananan abubuwa da rana. Sai na ga wani jan abu yana ƙiftawa a sama, wannan kam ko jariri ya san yunwa ce. Na ce wa abokin gadina ya riƙe ƙofa, na tsallaka da ita wurin Injiniya.

Injiniya mai gyaran waya ne, ƙarƙashin lema yake zama daura da ƙofarmu, da akwatin gilashi cike da matattun wayoyi. Nakan ce masa shi ma ɗakin gawa yake gadi, nasa ne dai ba ya wari.

"A'a, tsoho mai ran ƙarfe! Yau kuma amarya aka yi?"

Na harare shi. Ya dubi ƙafarta, ya dubi ƙofar da muka fito, ya haɗiye sauran. Ya tura mata kujerarsa, ya sa wayar a caji.

"Yaya, kin ga wannan mai kama da fure? Shi ne ɗakinsu. Duk abin da aka ɗauka nan yake faɗawa."

Ya taɓa, suka zubo kamar an kwance buhu. Ga ta a kan keken ɗinki. Ga ta tana barci baki buɗe. Ga 'yarsu da kayan makaranta, ga 'yar tana nuna giɓin haƙori, ga 'yar da kyanwa. Ga bango, ga wani bangon, ga wani kuma, duk a miƙe kamar an ja da zare. Ga ta tana kare fuska da tafi tana dariya. Injiniya yana shafawa sama, ita tana bin yatsansa da ido, leɓenta na motsi. Har muka kai ƙarshe.

Birkila ba ya ciki. Ko sau ɗaya.

"Bai taɓa juyo ta ya ɗauki kansa ba?"

"Cewa yake fuskarsa za ta fasa gilashin." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "In na ce kawo in ɗauke ka, sai ya ce ke da ba ki san inda ake dannawa ba."

Injiniya ya ce kada ta damu, waya ɗakuna gare ta kamar gidan haya. Ya shiga inda hotunan saƙo suke taruwa: furannin barka da safiya, da samfurin riguna da mata ke turo mata. Ya zare ɗan memori ya sa a tasa wayar: waƙoƙi ne da wa'azi. Ya ce akwai waɗanda waya ke turawa sama ta ajiye.

Na ce, "Sama ina?"

"Sama dai, tsoho. Amma sai da lambar sirri. Yaya, kin san ta?"

"Shi ya sani."

"To ai shi ke nan, ya tafi da..." Ya datse harshensa. Ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

A lokacin ne motar hukuma ta iso, babbar tipa, tana ja da baya zuwa ƙofarmu tana ƙara. Masu safar roba suka diro daga bayanta. Matar ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa.

"Ɗan'uwana, duba dai. Ko wanda ya fito a gefe ne. Ko ƙeyarsa."

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Injiniya. Ya ce, "Saura wuri ɗaya, kwandon shara. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yakan yi 'yan makonni a nan kafin ya ɓace. Amma fa lalatattu ne."

Lalatattun ne kuwa. Wani baƙi ƙirin, wani dishi-dishi, wani silin ɗaki, wani rabin kan yarinya. Birkila mutum ne mai son abu a miƙe, duk hoton da ya karkace sai ya jefar. Injiniya yana wucewa da sauri, har ya kai hannu zai rufe, sai ta cafke wuyan hannunsa.

"Koma baya."

Ni ma na gani tun kafin ta yi magana. Na dai bar mata ne, matarsa ce.

A hoton tana tsaye a ƙofar shagonta, amma ba ta fito ba, inuwa ce kawai mai launin riga. Abin da ya fito fes shi ne hannu. Ya miƙo na hagu gaban wayar yana nuna mata ta matsa gefe, wayar kuwa ta bar ta ta kama hannun. Kana ganin kowace tsaga a fatar, da farin siminti a gindin farce. Ƙaramin yatsan guntu ne, rabi kawai, bakinsa a dunƙule da tabon ɗinki.

Ta ce, "Injin kwaɓa siminti ne ya cinye shi, ina da cikin yarinya."

Ba ta jira caji ba. Ta fizge wayar ta tsallaka titi, ko motoci ba ta duba ba, ni da shekaruna ina bin ta da gudu, kuma ban bari ta tsere mini ba. Ta buga tagar.

Jami'in ya duba ya daɗe. "Wannan ai ba hoton mutum ba ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsakaninka da Allah, waɗanda ke ciki akwai mai fuskar da za ka gwada da hoto?"

Ya sake duban wayar. Ni na san amsar, don a kan idona aka sauke su. Ya dubi masu safar roba da ke jiransa, ya ce su ɗan dakata. Ya miƙo mata takunkumi. Ni ya san ba na sawa.

A ƙasa aka jera su, kowa da zanen gado a rufe. Ƙudaje sun riga mu shiga. Jami'in ya durƙusa, wayar a hannu ɗaya, yana ɗaga gefen hagu na kowane zane, iya hannu kawai. Duk hannuwan iri ɗaya ne, toka-toka, a faffashe, kamar uwa ɗaya ta haife su. Na riƙe ta a gwiwar hannu. Duk wanda aka ɗaga aka ga yatsu cikakku sai ta saki numfashi, sannan ta sake riƙe shi. Na rasa wanne take roƙo, a samu ko kada a samu. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Wanda ke kusa da bango, shi ne.

Na ga mata da yawa a ɗakin nan. Wasu ihu, wasu faɗuwa, wata ta taɓa cizon hannuna har ga tabon. Wannan durƙusawa ta yi. Ta kama hannun, ta sa bakin mayafinta tana goge simintin, yatsa bayan yatsa, har ta zo kan guntun. Ta ce a hankali, kamar suna ɗaki su biyu, "Ka gani ko? Sau nawa na ce ka tsaya in ɗauke ka."

Jami'in ya ɗaura wa birkila alama a ƙafa, ya sa aka janye shi gefe. Sauran aka fara fita da su. Dattijon ƙauye yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon kowane zane da aka wuce da shi, yana cewa, "Ko wannan ne? Yaro, ko wannan ne?" Da tipar ta tashi ya saɓa jakar buhunsa ya bi ta a ƙafa, har suka sha kwana.

Ita kuwa, kafin 'yan'uwan mijin su iso da mota, ta sake tsallakawa wurin Injiniya. Na bi ta, don kada a ce an yi wani abu a layin nan ba ni.

"Fitar mini da shi daga sharar nan."

Ya fitar.

"Sa mini shi a gaba, inda zan riƙa gani in ta kawo haske. Kada sai na nema."

Ya ce, "Yaya, ga masu kyau da yawa. Wannan ke ko fitowa ba ki yi ba."

Ta ce, "Ni na san kamannina."

Ya sa mata. Ta ƙulle wayar a bakin mayafi, ta ɗauki tsinkakken takalminta, ta koma benci ta zauna jiran mota.

Wanda ya ce ƙari na yi, ƙofar baya ba ta ɓuya, kullum ina nan. Ya zo in raka shi shagonta da ƙafata, ya ce ta taɓa wayar. In bai ga hannu mai yatsu huɗu da rabi ba, ga sandata ga kujerata, ya karɓi gadin. Mu gani in zai kai azahar.